Tarihin Koyon Harshen Marati ta Hanyar Zama Cikin Masu Shi

1.0 Gabatarwa

Masana koyar da harsuna sun daɗe da yarda cewa hanya mafi sauri ta naƙaltar baƙon harshe ita ce a ɗauke ɗalibi a kai shi cikin masu harshen, ya kwana ya tashi tare da su, a kuma hana shi komawa ga harshensa na gado. Wannan shi ake kira tsarin tsunduma. An fi danganta sunan da gwajin da aka yi a garin St. Lambert na ƙasar Kanada a 1965, inda aka koyar da 'ya'yan masu jin Ingilishi darussansu da Faransanci, ko da yake Kwalejin Middlebury ta Amurka ta fara irinsa ga manya tun 1915. Amma aikin kansa ya girmi sunan da ɗaruruwan shekaru.

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin yadda baƙi suka koyi harshen Marati na yammacin Indiya ta wannan hanya, tun daga ƙarshen ƙarni na 16. Abin da za a nuna shi ne, ba a taɓa tsunduma mutum cikin harshe baki ɗayansa. Cikin wani gari ake sa shi, a wani gida, a hannun wani malami, kuma abin da waɗannan suke furtawa shi zai ɗauka a matsayin harshen. Saboda haka duk wanda ya zaɓi masaukin baƙo, shi ya zaɓi irin Maratin da duniyar waje za ta sani.

2.0 Harshen da Masu Shi

Marati shi ne harshen hukuma na Jihar Maharashtra, wadda aka kafa ranar 1 ga Mayu, 1960, da babban birninta a Bombai, wato Mumbai ta yanzu. Masu kallon finafinan Indiya sun fi sanin wannan birni da harshen Hindi, alhali kuwa harshen ƙasar da birnin yake cikinta Marati ne. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum kimanin miliyan 83 ne suka tashi da shi, wato shi ne na uku a Indiya bayan Hindi da Bengali. Yana da tsohon adabi. Littafin Dnyaneshwari, wanda sharhi ne na addinin Hindu cikin waƙa, an kammala shi a 1290. A watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Indiya ta sanya Marati cikin jerin harsunanta masu daɗaɗɗen tarihi.

Akwai abubuwa a nahawunsa da suke wahalar da mai koyo daga littafi kaɗai. Jinsi uku ne a harshen: namiji da tamace da 'yan-ba-ruwanmu. Aikatau yakan sauya bisa jinsin mai magana, ta yadda namiji zai ce "mi jato" mace kuwa ta ce "mi jate", dukkansu da ma'anar "ina tafiya". Lamirin "mu" iri biyu ne: "amhi" idan ba a haɗa da wanda ake yi wa magana ba, "apan" idan an haɗa da shi. Haka kuma "kai" hawa uku ne: "tu" ga yaro ko aboki, "tumhi" ga wanda ake girmamawa, sa'an nan "apan" ga wanda ake matuƙar ganin girmansa. Littafi zai iya jera waɗannan, amma sanin wanda ya cancanci kowanne sai an zauna da mutane.

Daɗin daɗawa, harshen yana da kare-kare masu nisa da juna. Akwai Varhadi a gabas wajen Vidarbha, da Ahirani a arewa, da kare-karen gaɓar teku ta Konkan. Bayan bambancin yanki kuma akwai na asali, domin al'ummar ta kasu aji-aji bisa haihuwa, daga Brahmanawa masu riƙe da ilmi da addini, zuwa manoma da makiyaya, zuwa waɗanda a dā ake ƙyamar taɓa su, waɗanda yanzu ake kira Dalit. Kowane rukuni da irin bakinsa.

3.0 'Yan Mishan na Farko

Baƙon farko da aka tabbatar ya ƙware a Marati har ya yi talifi da shi shi ne Thomas Stephens, wani fada ɗan ɗariƙar Jesuit daga Ingila, wanda ya sauka Goa a 1579, lokacin tana hannun Fotugal. Ya shafe kusan shekara 40 a wannan yanki, mafi yawansu a ƙasar Salcette, har ya rasu a 1619. Zaman da ya yi ya fahimtar da shi cewa mutanen wurin harshe biyu suke amfani da su: Konkani a gida da kasuwa, Marati kuwa wajen karatun littattafan addini. Sai ya ba kowanne haƙƙinsa. Ya rubuta nahawun Konkani, wanda aka buga a 1640 bayan rasuwarsa. Ya kuma tsara doguwar waƙa mai suna Krista Purana da Marati, mai baiti kusan 11,000, bisa ma'aunin "ovi" irin na mawaƙan ƙasar. An buga ta a 1616 da haruffan Rumawa, domin maɗaba'ar ba ta da haruffan Indiya. Wanda bai zauna cikin mutanen ba da wuya ya gane wannan rabon aiki tsakanin harsunan biyu.

Bayan kusan shekara 200 sai aka sami misalin akasin haka. A 1800 Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya ya buɗe Kwalejin Fort William a Kalkata don koya wa ma'aikatansa harsunan ƙasa. Yaƙin da Kamfanin ya gwabza da sarakunan Maratha daga 1803 zuwa 1805 ya sa aka bukaci masu jin Marati. William Carey, ɗan mishan mai koyarwa a kwalejin, ya fitar da nahawun Marati a 1805 da ƙamus a 1810. Sai dai Carey bai zauna a ƙasar Marati ba. Daga Bengal ya yi aikin, ta bakin wani malami mai suna Vaidyanath, wanda Maratinsa na wajen Nagpur ne. Da littattafan suka isa yamma, ba su sami karɓuwa sosai ba, domin mutanen Bombai da Pune ba haka suke magana ba. Bakin mutum ɗaya aka ɗauka aka kira shi harshe.

'Yan mishan na Amurka su suka koma ga hanyar Stephens. Gordon Hall da Samuel Nott sun iso Bombai a 1813, suka zauna cikin jama'a, suka buɗe makarantu da maɗaba'a. A 1826 suka fitar da fassarar Sabon Alkawari da Marati, a 1831 suka kafa tasha a Ahmednagar can cikin ƙasa, a 1842 kuma suka fara jaridar Dnyanodaya. Daga cikin wannan mishan ne Justin Abbott ya fito, wanda a ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a 1932, ya duƙufa wajen fassara tarihin waliyyan mawaƙan Marati zuwa Ingilishi.

4.0 Mulkin Kamfani da Ɗaukakar Karin Pune

A 1818 Turawan Ingila suka kawar da mulkin Peshwa, wato gidan wazirai Brahmanawa da suka riƙe daular Maratha daga birnin Pune. Mountstuart Elphinstone, wanda ya yi gwamnan Bombai daga 1819 zuwa 1827, ya ga cewa ba za a iya mulkin ƙasar ba sai jami'ai sun ji harshenta, kuma ba za a sami kwanciyar hankali ba sai an lallashi malaman da suka saba cin albarkacin fadar da aka rushe. Da wani kaso na kuɗin "dakshina", wato kyautar da Peshwa yake raba wa malamai kowace shekara, aka buɗe kwaleji a Pune a 1821. Ita ce daga baya ta zama Kwalejin Deccan.

Ta haka jami'in Bature da malami Brahman na Pune suka haɗu a ɗaki guda. Jami'in yana bukatar cin jarrabawar harshe don samun ci-gaba a aiki, malamin kuwa yana bukatar abin masarufi. Mafi shahara a cikin waɗannan jami'ai shi ne James Thomas Molesworth, hafsan soja, wanda tare da 'yan'uwa biyu, George da Thomas Candy, da ayarin malamai 'yan ƙasa, ya fitar da ƙamus na Marati zuwa Ingilishi a 1831 mai kalmomi kimanin 40,000. Bugu na biyu, na 1857, ya kai kimanin 60,000, kuma har yanzu manazarta suna komawa gare shi. Molesworth ya aika mutane sassa daban-daban su tattaro kalmomi, amma masu tattarawar da masu tacewar Brahmanawa ne, kuma su suke yanke abin da yake ingantacce da abin da yake na ƙauye.

Thomas Candy ya ɗara haka. Ya shugabanci kwalejin Pune, sa'an nan ya zama babban mai fassara na gwamnati, inda littattafan makaranta suke bi ta hannunsa yana gyara su. Shi ake danganta wa daidaita alamomin rubutu a zuben Marati. A wannan zamani kuma maɗaba'u suka fifita rubutun Balbodh, wato nau'in Devanagari, a kan rubutun Modi mai saurin hannu wanda magatakarda suke amfani da shi, har Modi ya fita daga harkokin hukuma zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Dadoba Pandurang, ɗan ƙasa, ya fitar da nahawunsa a 1836, kuma aka daɗe ana koyar da shi a makarantu.

Sakamakon duk wannan shi ne karin masu ilmi na Pune ya zama daidaitaccen Marati. Har yau kalmar ruwa tana iya tona asalin mutum. Mai daidaitaccen kari yakan ce "pani" da naɗe harshe zuwa ganɗa a kan harafin "n", mutumin karkara kuwa yakan faɗe ta da "n" ta yau da kullum, a yi masa kallon wanda bai yi karatu ba. Ba kowa ne ya yarda da wannan tsari ba. Jotirao Phule, wanda shi da matarsa Savitribai suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune a 1848, ya ƙi amsa gayyatar taron marubutan Marati na 1885, bisa hujjar cewa masu taron ba su damu da halin da talakawa suke ciki ba.

5.0 Zuwan Jami'o'in Amurka

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya yadda Amurka take kallon harsunan Asiya. Sojojinta sun bukaci masu iya magana cikin 'yan watanni, sai masana kimiyyar harshe suka tsara hanyar maimaita jimloli a bayan ɗan asalin harshe. Bayan yaƙin Jami'ar Pennsylvania ta buɗe sashen nazarin Kudancin Asiya a 1948 a ƙarƙashin W. Norman Brown. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Majalisar Amurka ta zartar da dokar ilmi don tsaron ƙasa a 1958, wadda ta ware kuɗi don koyon harsunan da ba a saba koyarwa ba. Littafin koyon maganar Marati na Naresh Kavadi da Franklin Southworth, wanda Jami'ar Pennsylvania ta buga a 1965, ɗan wannan zamani ne.

A can Indiya kuma, Kwalejin Deccan, wadda aka rufe a 1934 aka sake buɗewa a 1939 a matsayin cibiyar bincike, ta zama matattarar masana harshe a ƙarƙashin S. M. Katre. Tun daga 1954 Gidauniyar Rockefeller ta tallafa wa kwasa-kwasan kimiyyar harshe a can. Da Brown da abokansa suka kafa Cibiyar Amurka ta Nazarin Indiya, wadda aka fi sani da AIIS, a 1961, a Pune suka fara ajiye ofishinta na Indiya, a inuwar wannan kwaleji. Wani ɓangare na kuɗin gudanar da ita ya fito ne daga cinikin hatsi. Bisa wata dokar Amurka ta 1954, a wancan lokaci Indiya tana biyan kuɗin alkamar da ta saya da rupi, kuɗin kuma a Indiya ake kashe shi.

Daga nan aka sami shirin tsunduma irin na zamani. Cibiyar takan kai ɗalibi garin da ake magana da harshen da yake nema, na wata biyu a lokacin hutun bazara ko kuwa na shekarar karatu guda, kuma Pune aka zaɓa wa Marati. Da safe ana darasin nahawu da karatun jarida da adabi. Ɗalibi yakan riƙa rubuta abin da ya gani kullum da Marati malami ya gyara. Akan gayyato masu sana'a su zo a tattauna da su, akan kuma fita kasuwa da wuraren tarihi. Da yamma ya koma gidan da aka saukar da shi, inda zai koyi kiran matar gida "kaku" ko "mavshi", wato matar baffa ko inna, ya kira tsohuwar gida "aji", ya kuma gane cewa tambayar ko ya ci abinci gaisuwa ce. Ƙungiyar wasu kwalejoji na tsakiyar Amurka, ACM, ita ma ta fara kai ɗalibanta Pune daga 1969 bisa irin wannan tsari, ta yi shekaru da dama tana yi.

Ita ma Indiya ta yi nata. Bayan manufar ilmi ta 1968, wadda ta nemi kowane ɗalibi ya koyi harsuna uku, an kafa Babbar Cibiyar Harsunan Indiya a Mysore a 1969. A 1970 aka buɗe mata rassa, aka ajiye na yamma a Pune, inda ake kawo malaman makaranta daga wasu jihohi su yi wata 10 suna koyon Marati ko wani harshen yankin.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan shirye-shirye a gari ɗaya suka sauka, garin da Candy ya zauna. Gidajen da suke da ɗakin da za a ba baƙo, suke kuma da sabo da Turawa, galibi na masu ilmi ne. Ɗalibin ƙarni na 20 ya sami kansa a irin hannun da jami'in ƙarni na 19 ya samu. Ga kuma wata matsala sabuwa: masu masaukin suna jin Ingilishi sarai, wasu ma sun fi son gwada nasu Ingilishin a kan baƙo. Da ɗalibi ya yi tuntuɓe a jimla sai a tallafe shi da harshensa, tsundumar ta koma wanka a bakin gaɓa.

6.0 Waɗanda Suka Fita Daga Pune

Manyan abubuwan da baƙi suka ƙara wa nazarin Marati a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 sun zo ne daga waɗanda suka yi harsashi da daidaitaccen kari sa'an nan suka nemi wani masaukin.

Maxine Berntsen, Ba'amurkiya, ta isa ƙaramin garin Phaltan na gundumar Satara a 1966 don binciken digirinta na uku, wanda ta kammala a 1973 a kan yadda magana take bambanta tsakanin rukunonin jama'ar garin. Ta zauna a can, ta karɓi shaidar zama 'yar Indiya a 1978. Ita da marubuciya Jai Nimbkar suka tsara jerin littattafan koyon Marati, ciki har da nahawun da aka buga a 1975, kuma ta yi shekaru tana koyar da ɗaliban ACM. Binciken nata ya kai ta ga matsalar 'ya'yan talakawa da suke shiga aji su tarar da Maratin littafi ya saɓa da na gidajensu, har ta kafa makaranta mai koyarwa da Marati a Phaltan.

Günther Sontheimer na Jami'ar Heidelberg ta Jamus, wanda ya rasu a 1992, ya bi makiyayan tumaki da ake kira Dhangar a kan hanyoyinsu na kiwo, yana ɗaukar waƙoƙinsu na baka da labaran abubuwan bautarsu irin su Khandoba da Biroba. Littafinsa na 1976 ya fito da wani ɓangare na addini da adabin ƙasar wanda littattafan Brahmanawa ba su kula da shi ba. Eleanor Zelliot kuwa ta zauna a Maharashtra daga 1963 zuwa 1965 tana binciken gwagwarmayar al'ummar Mahar da jagoransu B. R. Ambedkar, wanda ya shiga addinin Buddha tare da ɗimbin mabiyansa a Nagpur a 1956. Ta kasance cikin na farko da suka gabatar da adabin Dalit ga masu karatun Ingilishi.

Wannan adabi shi ya fi bayyana giɓin. Diwanin Golpitha na Namdeo Dhasal, na 1972, an rubuta shi da bakin unguwannin talakawan Bombai, har masu karatu 'yan Pune da kansu suka bukaci a yi musu bayanin wasu kalmomi. Tarihin rayuwar Daya Pawar mai suna Baluta, na 1978, ya buɗe ƙofa ga irinsa da yawa. Ɗalibin da ya shekara a gidan masu ilmi yana iya karanta sharhin jarida ba tare da ƙamus ba, ya zo ga waɗannan littattafai ya kasa wuce shafin farko.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Stephens ya gane rabon aiki tsakanin Konkani da Marati saboda daɗewarsa a Salcette, da yadda Carey ya ɗauki karin Nagpur daga nesa, da yadda haɗuwar jami'an Kamfani da malaman Pune ta haifar da daidaitaccen kari, wanda shirye-shiryen jami'o'i suka gada bayan 1961. Zaɓen Pune yana da hujja mai ƙarfi, domin da wannan kari ake buga jarida, da shi ake koyarwa, kuma ko'ina a jihar ana fahimtarsa. Mai koyo dole ya fara daga wani wuri, kuma gara ya fara da abin da zai buɗe masa littattafai.

Sai dai tarihin ya bar wa masu tsara irin wannan shiri tambayoyin da ya kamata su amsa tun kafin ɗalibi ya iso. Wane gida za a saukar da shi, kuma mutanen gidan za su iya daurewa su ƙi yi masa Ingilishi? Wane lokaci za a fitar da shi daga birni ya ji bakin manomi da makiyayi da ma'aikacin masaƙa? Shin malami zai gaya masa cewa furucin da ake gyara masa ƙa'idar wani rukuni ce da tarihi ya ɗaukaka, ko kuwa zai bar shi ya ɗauka sauran jama'a kuskure suke yi? A 2020, da annobar korona ta tilasta mayar da darussa ta intanet, an ga abin da ake iya koyarwa daga nesa, wato nahawu da karatu, an kuma ga abin da ba ya samuwa sai da zama. Sanin wanda za a ce wa "tu" da wanda za a ce wa "tumhi", da sanin dalilin da wani yake jin kunyar yadda yake faɗin sunan ruwa, suna cikin kashi na biyu.